Kwandalar Yaya Sha'aibu

Rabon da in ga an sayi wani abu da kwandala a Suleja har na manta. Yaran yanzu in ka miƙa musu naira ɗaya ta ƙarfe, sai su juya ta su tambaye ka ko maɓallin riga ne. Amma a saman benen da shagona yake, a kan hanyar da ta fita Madalla, akwai wurin da kwandala ke da rai har gobe. Wurin wasan yara ne na wata Bayarabiya, Madam Eniola. Akwai 'yar mota, akwai babur, akwai wata agwagwa mai idon mugunta, sai wani ɗan jirgin sama ja a can lungu. Ka biya kuɗi a taga, a ba ka kwandalar tagulla ta gidan, ka jefa a bakin inji, abin ya ɗauki ɗanka yana jijjiga shi yana kiɗa. Ni ina ƙasa ina sayar da yadi, kiɗan nan kuwa ya zauna mini a kai, har ina cikin salla yakan faɗo mini.

Wanda ke kula da injinan shi ne Musaddiq. Ɗan unguwarmu ne, a gabana ya girma. Dogo ne siriri, mai tafiya a gefen hanya kamar yana ba titin haƙuri. In ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Na sha yi masa tsiya cewa ko kaza ce ta shiga ɗakinsa, sai ya jira ta gama abin da ya kawo ta kafin ya shiga. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam Ɗantala ke nan." Iyakar faɗansa ke nan a duniya.

Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, yayansa Sha'aibu ne ya riƙe shi. Sha'aibu maƙeri ne mai zubi, yana narka alminiyam da tagulla a bayan kasuwa, yana fitar da tukwane da ludaya da marikin ƙofa. Da kuɗin tukwanen nan ya sa Musaddiq a makarantar koyon sana'a, da su ya yi masa aure, kuma ɗakin da Musaddiq ke ciki da matarsa Bara'atu a gidan gado yake, inda Sha'aibu ne babba. Ba na rage wa mutum alherinsa, ya yi ɗawainiya. Sai dai irin mutanen nan ne da in sun ba ka ruwa, kullum sai sun tuna maka ƙishirwar.

Musaddiq ya fara da gyaran rediyo, rediyo ta mutu a hannunsa don kowa ya koma waya. Ya gwada zuwa Abuja aikin wayarin, haɗa wutar gidaje, kuɗin mota ya cinye ladan. Ana haka Madam Eniola ta buɗe wurinta, inji ɗaya ya tsaya, aka rasa mai taɓa shi, na ce a kira Musaddiq. Ya buɗe, ya zura ido, ya gyara. Kafin shekara ta zagayo ta damƙa masa makullan injinan gaba ɗaya, har da na akwatunan da kwandaloli ke taruwa. Matar da ko ƙanenta na ciki ɗaya ba ta bar wa makulli. Musaddiq ya ɗaura su a ƙugu da igiyar takalmi, yana tafiya suna ƙara. Ba shi da fili, ba shi da babur. Abin da ya mallaka a garin nan shi ne a ce Musaddiq ba ya taɓa kayan mutane, kuma ya san da haka.

Wata rana kasuwa ta yi sanyi na hau sama, na tarar ya kwance bakin agwagwar nan yana hura ƙura. Na ce ya nuna mini yadda ƙarfe ke gane ƙarfe, don ni abin yana mini kama da tsafi. Ya nuna mini wani ɗan maƙali a ciki, an danne kwandala ɗaya a wurin. Ya ce wannan ita ce samfur. Duk wadda aka jefo sai ta gangaro ta bi tsakanin wasu naɗe-naɗen waya masu jin ƙarfe, injin ya gwada ta da samfur, faɗinta da kaurinta da irin ƙarfen da aka yi ta da shi. In sun yi daidai, wata 'yar ƙofa ta buɗe, ta faɗa akwati, kiɗa ya tashi. In ba su yi ba, ta zame ta fito ta ƙasa, mai ita ya ɗauki abarsa. A gefe kuma akwai ɗan sukuru. In ka matse shi injin ya tsananta, ko ɗan bambanci kaɗan ba ya yafewa. In ka sassauta sai ya riƙa kau da kai.

"To me ya sa ba ka matse shi gaba ɗaya?" na ce.

"Namu sun tsufa, Malam Ɗantala. Hannu ya cinye su. In na matse sosai zai riƙa mayar da na gaskiya, yara su yi ta kuka." Ya goge samfurin da gefen riga ya mayar. "Shi injin bai san gaskiya ba. Abin da aka ɗaura masa ya sani."

'Yan gari kuwa sun gwada shi iya gwaji. An jefa washa ta bakanike, an jefa tsohon kwabo, an jefa murfin lemo da aka daddaka. Duk ya tofo su. Har muka saba, in muka ji ƙarar abu ya faɗo a kaskon ƙasa, mu ce wani ya gwada sa'arsa.

Cikin azumin bara Musaddiq ya fara rama, ba irin ta azumi ba. Yana saukowa sai ya zauna a bencina. Rannan na matsa masa, sai ya zaro kwandala biyu daga aljihu ya ajiye mini a kan atamfa. Ni ban ga bambanci ba. Ya ce in shafa gefen ta biyun. Na ji wani ɗan wuri mai kaushi. Ya ce zubi ce, an danna ta gaskiya a ƙasa an yi gurbi, an narka tagulla an zuba, nan ne aka yanke wutsiyar zubin aka goge da magagari. Ya ce in duba yadda gugar ta karkata. Bahago ne ya yi ta.

Maƙerin tagulla bahago guda nawa ne a Suleja? Kowa ya san da wane hannu Sha'aibu ke riƙe guduma.

Abin haushin, Musaddiq ne da kansa ya kai kwandalar har gidansu. Ya sayi 'yan kaɗan da kuɗinsa ya ba 'ya'yan yayan nasa su zo su hau, ɗaya ta kwana a aljihun yaro, uban ya gani. Shi ke nan. Sha'aibu ya tara tsofaffin kawunan famfo da makullai ya narka, ya ba wani mai tireda a unguwa yana sayar wa iyayen yara a rabin kuɗi.

Na ce masa ya je ya faɗa wa yayan nasa ya daina, ba wasa ba. Ya je. Bara'atu ce ta ba matata labarin yadda aka yi, don tana tsakar gida tana ji. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Sha'aibu, ya gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi azumi, ya kewaya ya kewaya, da ƙyar ya ce, "Yaya, akwai wasu kwandaloli da nake gani a wurin aiki."

"To?"

"Ina tsoron kada Madam ta gane."

"Kuɗin gwamnati na buga?" in ji Sha'aibu. "Abin wasan yara ne fa. Matar nan tana kwasar kuɗin garin nan da buhu, don 'ya'yan talakawa sun hau agwagwa sau ɗaya sai duniya ta tashi? Ba kai ke riƙe da makulli ba?"

"Ni ne, Yaya."

"To. Mutane sun riga sun saya sun ajiye wa yaransu na Sallah. Sunana ne a ciki. Ko so kake a zo ƙofar gidan ubanmu ana nemana, Inna tana ji? In abin da zan samu ke nan daga wurinka, babu komai, ka yi."

Musaddiq ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya tashi. Inna Mairama, mahaifiyarsu, tana da hawan jini, ko faɗuwar kwano sai ta kama ƙirji. Sha'aibu ya san inda ya jefa maganarsa.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Madam ta zo kwashe akwatuna da kanta. Tana zubawa a tire hannunta ya ji kaushin nan. Mace ce da ta yi shekaru tana sayar da gwal kafin ta buɗe wurin, ba a yi mata wasa da ƙarfe. Daga ƙasa na ji muryarta.

"Musaddiq! Wetin be this? Wannan ba namu ba ne!"

Ta sa shi ya matse sukurun kowane inji tana tsaye a kansa. Ta jefa jabun da hannunta, suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kira maigadi ta ce daga yau duk wanda kwandalarsa ta faɗo, a duba gefenta, in mai kaushi ce a riƙe uban yaron ko uwarsa har sai sun faɗi inda suka saya. Ta ce sai ta kai mai bugawa gaban hukuma ko waye shi. Ta juya ta dafa kafaɗar Musaddiq ta ce, "Kai kaɗai na yarda da shi a nan. Ka buɗe ido."

Ya sauko ya zauna a bencina. Na lissafa masa hanyoyi. Ya faɗa wa Madam gaskiya, ya ce ba zai iya kai yayansa ofishin 'yan sanda ba. Ya bi gida gida ya karɓe kwandalolin, ya ce bai san su waye suka saya ba, kuma yin haka shelar sunan Sha'aibu ne. Ya ajiye aikin, ya ce wanda ya ajiye makulli a irin wannan rana ai ya amsa laifi, kuma ko ya tafi injin zai tofo su, a kama mutane, su nuna mai tireda, mai tireda ya nuna Yaya. Duk ƙofar da na buɗe masa sai ya nuna mini bango a bayanta. Na fusata na ce to ya zauna ya mutu. Ya ce, "Malam Ɗantala ke nan."

Dabarar da ya yi ban san ta ba sai daga baya. Da safiyar Sallah, kafin kowa ya zo, ya buɗe bakin jan jirgin nan na lungu, ya cire samfurin gaskiya ya sa a aljihu, ya danne ta Sha'aibu a maƙalin. Sukuru na nan a matse yadda Madam ta bar shi. Yanzu jirgin ya koma ba ya karɓar komai sai zubin bahago. Lissafinsa shi ne ya san yaran unguwarmu da iyayensu kaf. Duk wanda ya hango daga cikinsu, ya tare shi tun daga bakin matakala ya ja shi zuwa jirgi. Baƙi masu kwandalar taga kuwa ya tura su mota da babur da agwagwa. In Sallah ta wuce, jabun sun ƙare a cikin jirgi, ya kwashe su ya jefa rijiya, ya mayar da samfur, ya cike gurbin da albashinsa. Kowa ya tsira.

Ban taɓa ganin wahala irin ta ranakun nan ba. Wurin ya cika maƙil, yara cikin sababbin kaya, iyaye mata na ta ɗaukar hoto, ga zafi, ga kiɗa huɗu suna tashi lokaci guda. Musaddiq na tsakanin matakala da jirgi kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Bai isa ya je cin abinci ba. Bai isa ya zagaya ba. Salla ma a gefen jirgin ya yi ta a tsaitsaye, yana sallamewa yana waige. Yaron unguwa ya ce shi babur yake so, Musaddiq ya durƙusa yana lallashi, "Jirgi ya fi daɗi, hau ka ga Makka." 'Yar wani babban ma'aikaci daga Abuja ta nace sai jirgi, ya ce mata jirgin na hutawa, alhali ga wani yana kai yana lilo. Uban ya harare shi ya ce wannan wace irin wariya ce. Bara'atu ta aiko masa da tuwon Sallah, na hau da shi, da yamma na sauko da shi ko buɗewa bai yi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku da hantsi Madam ta zo da jikarta, 'yar ƙarama mai kitso da duwatsu. Yarinyar ta nuna jirgi. Musaddiq ya ce, "Madam, mota ta fi lafiya." Madam ta yi dariya ta ce ita jirgi take so, ta miƙa hannu taga ta ɗauko kwandala, ta ɗora yarinyar, ta jefa.

Ta faɗo a kasko.

Ta ɗauka ta duba, ta goge, ta sake jefawa. Ta faɗo. Ta karɓo wata sabuwa fil daga taga, ita ma ta faɗo. Ana haka wata yarinya 'yar unguwarmu da ke jiran layi, ba ta san komai ba, ta zura tata, kiɗa ya tashi, jirgi ya fara lilo da jikar Madam a kai.

Madam ba ta yi ihu ba. Ta jira kiɗan ya ƙare, ta sauke yarinyar, ta ce, "Buɗe." Ya buɗe. Ta sa farce ta ciro samfurin, ta shafa gefensa. Ta ce ya buɗe akwatin. Ya buɗe. Cike yake da masu kaushi, ko ɗaya ta gidan babu. Ina tsaye a bakin matakala, na ga lokacin da idonta ya kawo ruwa, kuma ba na fushi ba ne.

"Wa ya buga su?" ta ce. "Musaddiq, tell me. Na san wani ne ya sa ka. Faɗi sunansa, ni da kai babu komai."

Iyaye sun kewaye su. A cikinsu akwai waɗanda suka saya a wurin mai tireda, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara wa ɗansa hula. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, na rufe.

"Ni ne, Madam," ya ce. "Ni na buga, ni na sayar."

Mutumin da ko dalma bai iya narkawa ba.

Ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ce albarkacin shekarun da suka yi. Ta miƙa hannu, ya kwance igiyar takalmin daga ƙugu ya ba ta. Kuma ba ta kore shi ba, don babu wani mai gyaran injinan kusa, in ba ta ɗauko daga Abuja ba. Ta rage masa albashi ta bar shi. Yana nan har yau. In inji ya tsaya, maigadi ne ke buɗewa, ya tsaya a kansa yana kallon hannunsa har ya gama, sannan ya laluba masa aljihu a gaban yara kafin ya sauka. Ya nemi aiki a wani shagon gyaran janareto a Gauraka, labari ya riga shi isa. Ya nemi wajen masu sola, aka ce za a kira shi. Bara'atu ta ce su bar garin, ya ce da me, kuma wa zai bar wa Inna. A masallacin unguwa, a da shi ake ba ajiyar kuɗin gyaran lasifika, yanzu an ba wani, ba wanda ya ce masa komai. Ita Inna an ɓoye mata, an ce canjin aiki aka yi masa.

Sha'aibu ya daina zubin, ba don tuba ba, don babu inda za su shiga. Bai taɓa ɗaga maganar da ƙanensa ba, ko da sannu.

Bayan Babbar Sallah aka yi wa Sha'aibu haihuwa, muka taru suna da safe a ƙofar gidansu. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a. Musaddiq ne ke zagayawa da tiren shayi. Mutane ba su watse ba, sai Sha'aibu ya gyara zama, ya gyara babbar riga, ya kira shi. Ya ajiye tiren ya zo ya durƙusa.

"Ga Malam, ga dattawan unguwa," in ji Sha'aibu, yana magana a hankali kamar mai ciwo a rai. "Ina so in yi maka magana a gabansu, don su shaida na sauke nauyi. Abin da ya faru ya faru. Ka zubar mana da mutunci, amma jini ba ya yar da ɗan'uwansa. Ni na raine ka, ban koya maka taɓa kayan mutane ba. Ka ji tsoron Allah, ka riƙe talaucinka. Malam, a sa mana shi a addu'a, Allah ya shirye shi."

Dattawa suka ce amin. Wani ya ce Allah ya saka wa Sha'aibu, samun yaya irinsa sai an tona. Goron da ke bakina ya koma mini kamar ƙasa. Na zuba wa Musaddiq ido ina roƙon Allah ya buɗe masa baki, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Kansa na ƙasa. Sannan ya ce, "Na gode, Yaya. In sha Allahu ba za a ƙara ba."

Ya tashi ya ɗauki tiren, ya ci gaba da raba shayi.